Hoga, ƙaramin jirgin janwe da ya hana a toshe bakin Pearl Harbor

Duk kwantenar da ta iso Garwa, ko ta zarce Marwa da Kuseri ta haye zuwa Njamena, sai da wani ƙaramin jirgi ya sa hannu a lamarinta kafin ta taɓa ƙasa. Babban jirgin da ya ɗauko ta ba ya iya matsawa gaɓa shi kaɗai, ko a Duwala ko a Kiribi. Ga nauyi, ga shi ba birki, kuma da zarar ya rage gudu sai sitiyarinsa ya daina ji. Jirgin janwe ne ke zuwa ya dafa masa hanci, ya tura nan, ya ja can, har a samu a ɗaure shi. 'Yan kasuwarmu sun iya lissafin kuɗin kwastan da na tirela da na 'yan dako har zuwa dala ta ƙarshe, amma da wuya ka ji wanda ya san akwai wannan jirgi a hanyar kayansa.

Irin waɗannan jirage ba a cika rubuta tarihinsu ba. Su yi aiki, su tsufa, a yanka su a sayar da ƙarfen. Ɗaya daga cikin 'yan kaɗan da aka bi sawunsu tun daga ranar ƙira har yau shi ne Hoga na rundunar sojan ruwan Amurka, mai lamba YT-146. Shi wannan nazari ya ɗauka: abin da ya yi a cikin kwana uku na wuta da Japan ta kai hari tashar Pearl Harbor a yaƙin duniya na biyu, abin da ya yi a shekaru 46 da ba wanda ke ba da labarinsu, da yadda ya kusa ruɓewa a lokacin da aka fi yabonsa.

Jirgin da mutanensa

An ƙera shi a Morris Heights da ke birnin Niyok, a masana'antar Consolidated Shipbuilding. An fara aikin a watan Yuli na 1940, aka sake shi a ruwa ranar 31 ga Disamba na shekarar, ya kama aiki ranar 22 ga Mayu 1941, aka tura shi tsibirin Oahu a Hawai. Tsawonsa kusan mita 30, faɗinsa bai kai mita 8 ba, nauyinsa tan 325. Ba a yi shi don faɗa ba. Abin da yake da shi igiyoyi ne, da famfon ruwa mai ƙarfi, da mesar kashe gobara, da inji. Mutum 11 ke aiki a kansa, shugabansu Joseph McManus, wanda ko hafsa bai kai ba. Ƙaramin jami'i ne da ya tashi a aikin igiya da anga.

Injin nan sai an ɗan tsaya a kansa. Na dizal ne, yana juya janareta, lantarkin kuma ya juya farfela guda ɗaya. Manyan jiragen yaƙi na lokacin da tururi suke tafiya: sai an hura wuta a tukunya, ruwa ya tafasa, tururi ya taru, abin da kan ci sa'o'i idan tukunyar ta huce. Shi kuwa dizal tayarwa ce kawai. Wannan bambanci da ba ya ɗaukar ido shi ya raba wanda ya motsa da wanda aka tarar a ɗaure.

Sai kuma ita tashar. Pearl Harbor, tashar sojan ruwan Amurka a tsibirin Oahu, wani babban kududdufin teku ne da ƙasa ta kewaye, da tsibirin Ford a tsakiyarsa, zurfinsa wajen mita 12. Ƙofa ɗaya gare shi, siririn mashigi da ya fita kudu zuwa teku. Duk jirgin da zai shiga ko ya fita, ta nan zai bi.

Safiyar Lahadi, 7 ga Disamba 1941

Gab da ƙarfe takwas na safe jiragen saman Japan suka faɗo. Jirage 353 ne a rukuni biyu, sun taso daga manyan jiragen ruwa shida masu dakon jiragen sama. Manyan jiragen yaƙin Amurka takwas suna cikin tasha, bakwai a jere a gefen tsibirin Ford, ɗaya a ramin gyara. Kafin rana ta take, Amurkawa 2,403 sun mutu ko sun sami raunin da ya zama ajalinsu, 1,177 daga cikinsu a jirgin Arizona kaɗai, wanda bam ya faɗa wa rumbun albarusai.

Hoga yana ɗaure tare da sauran ƙananan jiragen hidima kusa da ramukan gyara. Mutum 10 cikin 11 suna ciki, kuku ne kawai ya sauka. Cikin minti goma da fara harin ya kwance igiya. A hanya ya tsamo mutum biyu daga ruwa, sannan ya doshi layin manyan jiragen, inda mai ya malale a kan ruwa yana ci.

Aikinsa na farko Vestal ne, jirgin makanikai da ke ɗaure a jikin Arizona. Bam biyu sun same shi, ga wutar Arizona tana lasar gefensa. Fashewar ta jefa kwamandansa Cassin Young cikin ruwa, ya yi iyo ya hau ya hana mutanensa gudu, ya sa aka sare igiyoyi. Hoga ya jefa masa igiya a gaba ya janye shi daga bakin wuta, Vestal ya lallaɓa ya je ya kwanta a wuri marar zurfi. An gyara shi daga baya, ya yi yaƙin har ƙarshe.

Daga nan sai Oglala, tsohon jirgin dasa nakiyoyi, wanda ke ɗaure a jikin jirgin yaƙi Helena a bakin kwata. Bam mai tafiya a ƙarƙashin ruwa ya bi ta ƙasan Oglala ya daki Helena, amma girgizar ta tsage cikin tsohon jirgin, ya fara shan ruwa yana karkacewa. Ba a yi zancen ceto shi ba. Abin tsoro shi ne ya kife a jikin Helena ya danne shi da kwata. Hoga ya taimaka aka tura Oglala baya, aka raba su, wajen ƙarfe goma ya kife inda bai tare wa kowa hanya ba.

Maganar Nevada

A nan ne lamarin yake, sauran duk share fage ne.

Babban jirgin yaƙi Nevada shi ne na ƙarshe a layi, a bayan Arizona, kuma ba a haɗa shi da wani jirgi ba. An yi sa'a tukunyarsa biyu suna da wuta. Duk da bam ɗin ƙarƙashin ruwa ya huda shi a gaba ta hagu, ƙananan hafsoshin da ke ciki suka yanke shawarar fita, tunda kwamandan yana gari. Wajen ƙarfe 8:40 ya motsa, ba jirgin janwe ko ɗaya, abin da ba a saba gani ba ga jirgi mai tsawon mita 178 da nauyin fiye da tan 27,000. Shi kaɗai ne cikin manyan jiragen takwas ya yi tafiya a ranar. Waɗanda suka gan shi yana wucewa ta cikin hayaƙi da tuta a bayansa sun daɗe suna ba da labari.

Jarunta ce, ba musu. Amma a nawa ganin ita ce kuma ta kusa jawo asarar da ta fi ta safiyar. Rukuni na biyu na jiragen Japan sun iso daidai lokacin, suka ga babban jirgi ya nufi ƙofa, suka yi masa caa. Bama-bamai suka sauka a gabansa, wuta ta kama, ruwa na ƙara shiga. Ka ƙaddara tirela ce ɗauke da siminti ta faɗi a gicciye a kan gadar Binuwai: ba ita kaɗai ta tsaya ba, duk motar da ke tsakanin Gaundere da Marwa ta tsaya. To, da Nevada ya nutse a cikin mashigi, jiragen da suka tsira ba za su fita ba, na waje ba za su shigo shan mai ko gyara ba, kuma ɗago irin wannan ƙarfe aikin watanni ne.

Aka ba da umarni kada ya shiga mashigi. Jim kaɗan bayan ƙarfe tara ya kafa hancinsa a laka a Hospital Point, gefen gabas na mashigin. Sai dai tsugune ba ta ƙare ba. Gaba ya kafe, baya yana lilo, igiyar ruwa tana juya shi. Jirgi mai shan ruwa a wannan hali yana iya zamewa ya koma tsakiyar hanya ya zauna a can.

Admiral William Furlong, wanda Oglala ne jirginsa, shi ya ga abin daga bakin kwata ya tura jiragen janwe. Hoga ya je ya manne da gaban Nevada ta hagu, inda wutar take, yana watsa ruwa a kan bene saboda bututun ruwan babban jirgin sun lalace. Shi da ɗan'uwansa YT-130 suka ciro Nevada daga lakar da ya kafe, suka bi da shi a hankali suka tsallaka da shi zuwa Waipio Point a gefen yamma, suka zaunar da shi daram inda ba zai toshe kome ba. Kafin ƙarfe goma sha ɗaya an gama. Nevada ya ninka Hoga nauyi fiye da sau 80.

Mai karatu zai ce yaya abu mai tan 325 zai sarrafa wannan dutse. Ba ɗaukarsa yake yi ba. Abin da ke yawo a kan ruwa, kome nauyinsa, yana amsa turi idan an daɗe ana yi a wuri ɗaya. Gwanintar ita ce sanin inda za ka sa hanci da lokacin da za ka sassauta, domin abin da ka sha wuya ka motsa sai ka sha wuyar da ta fi ta kafin ka tsayar. Na taɓa kawo wannan zance a gaban wani dattijo da ya yi dako a kwatar Garwa zamanin da jiragen kaya ke hawowa daga Najeriya. Na ce, "Baba, wai idan kwale-kwalen ƙarfen nan ya hau yashi, ƙarfin inji ne ke fid da shi?" Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, mai ƙarfin inji shi ke tsinka waya. Mai haƙuri ke bin ruwa, ya bar ruwan ya yi masa rabin aiki." Bai taɓa jin sunan McManus ba, amma aikinsu ɗaya.

Bayan Nevada, Hoga ya koma layin manyan jirage ya yi ta fama da wuta a Maryland da Tennessee, sannan Arizona. Wutar Arizona ya kama ta da la'asar ɗin Lahadi, bai bar ta ba sai Talata da rana, 9 ga wata. Kwana uku ke nan mutanen suna tsaye. Daga bisani aka sa su aikin da ba mai so, tsamo gawarwaki da kwashe tarkace. A watan Fabrairu na 1942 Admiral Chester Nimitz, sabon kwamandan rundunar tekun Pasifik, ya ba McManus da mutanensa takardar yabo. A cikin watan ne kuma aka ɗago Nevada. An gyara shi, ya yi luguden wuta a gaɓar Normandi ta Faransa a 1944, ya kuma yi a Iwo Jima da Okinawa a 1945. Da ya nutse a ruwa mai zurfi da duk wannan bai faru ba.

Sauran shekarun yaƙin Hoga ya yi su a nan Pearl Harbor yana aikinsa na kullum. A 1944 aka sauya masa lamba zuwa YTB-146.

Oakland

Da aka gama yaƙi, Amurka ta wayi gari da jirage fiye da bukatarta. Aka yi ta yankawa, wasu aka nutsar. Nevada kansa an kai shi tsibirin Bikini a 1946 aka gwada bam ɗin nukiliya a kansa, bai nutse ba, sai a ƙarshen Yuli na 1948 sojan ruwa suka harbe shi ya nutse a tekun Hawai. Takardar yabo ba ta ceci kowa ba a lokacin.

Abin da ya ceci Hoga bukatar wani gari ce. Oakland da ke gaɓar San Francisco a Kalifoniya tana da babbar tasha, da rumbunan kayan soja, da kwatoci na katako, amma ba ta da jirgin kashe gobara. A 1948 sojan ruwa suka ba ta aron Hoga a kan dalar Amurka ɗaya a shekara. Aka ƙara masa famfuna har ya kai yana watsa galan 10,000 a minti ɗaya, kusan lita 38,000, aka sauya masa suna zuwa Port of Oakland, daga baya City of Oakland, 'yan kwana-kwanan birnin suka karɓe shi. Ya zauna a hannunsu har 1994.

Labarin waɗannan shekaru ba shi da armashi: gobarar kwata, gobarar jirgin kaya, tsamo wanda ya faɗa ruwa, rakiyar baƙi da feshin ruwa ranar biki. A gabansa Oakland ta karɓi jirgin kwantena na farko a 1962 ta zama ɗaya daga manyan tashoshin yammacin Amurka. Amma ni a wurina nan ne asirin daɗewarsa. Jirgin kashe gobara dole kullum ya kasance a shirye, don haka kullum akwai mai tayar da injin, mai duba mai, mai kankare tsatsa ya shafa fenti, akwai kuma layi a kasafin kuɗin birni da sunansa. Kwana uku na 1941 sun ba shi suna. Ƙarfensa kuwa albashin wasu makanikai da ba wanda ya san sunansu ne ya riƙe shi shekara 46.

A 1989, yana kan aiki, gwamnatin Amurka ta sa shi cikin kayan tarihi na ƙasa. Shekara biyar bayan haka Oakland ta mayar wa sojan ruwa kayansu. A 1996 aka cire sunansa daga rajistar jiragen soja, aka ɗaure shi a Suisun Bay, inda ake jibge tsofaffin jirage. Yanzu yana da daraja a takarda, ba shi da aiki, ba shi da mai shi na kullum. Garuruwa suka nemi a ba su, har da masu son a mayar da shi Hawai. A watan Yuli na 2005 aka sa hannu aka ba birnin North Little Rock na jihar Arkansas. Sa hannu ba kuɗi ba ne: sai da ya ƙara shekara goma a Kalifoniya ana neman abin gyara da na sufuri. Shekara 21 ke nan daga barin aiki zuwa samun mazauni, kuma su ne mafi haɗari a rayuwarsa, har da ranar da bama-bamai ke sauka.

Abin da ya shafi Binuwai

Garwa ma tasha ce, ko da yake yaran yanzu ba su san ta da haka ba. Tana da nisan kusan kilomita 1,500 daga teku idan aka bi ruwa: Binuwai ta wuce Yola da Makurɗi ta haɗu da Kwara a Lokoja, daga nan a gangara zuwa Burutu da Warri. Da damina ta kankama, wajen Agusta da Satumba, ruwa kan ɗauki manyan kwale-kwalen ƙarfe marasa inji, jirgin janwe na tura su. Su kawo siminti da gishiri da mai, su koma da auduga da gyaɗa. Lokacin gajere ne ƙwarai. Wanda ya yi jinkirin lodi har ruwa ya ja baya, jirginsa sai ya jira wata damina. Tun kafin nan ma kogin ya ɗauki kayan sojan ruwa: a 1915 Ingilishi sun sauke igwa daga jirginsu na yaƙi Challenger suka hawo da ita ta Binuwai, da ita da igwar Faransawa aka karya Jamusawa a Garwa a watan Yuni.

Abubuwa uku suka taru suka kwantar da tashar. Yaƙin basasar Najeriya daga 1967 zuwa 1970 ya rufe hanyar ƙasan kogi. Jirgin ƙasa ya iso Gaundere a 1974, kaya suka koma bin dogo da kwalta daga Duwala. Madatsar Lagdo da aka gama a 1982 ta sauya yadda ruwa ke sauka, yashi kuma ya ci gaba da taruwa ba mai yashewa. Kowane ɗaya yana da dalilinsa, Lagdo ma ita ke ba mu wuta. Sai dai abin da aka rasa ba gini ba ne kawai. An rasa mutanen da suka san inda tudun yashi ke ƙaura kowace shekara, da makanikan injin ruwa, da matuƙan janwe. Irin wannan sani a hannu yake zama, idan aiki ya tsaya shekara ashirin sai ya bi masu shi kabari.

Shi ya sa idan na ji ana zancen farfaɗo da tashar Garwa, ana nuna zanen rumbuna da ofisoshi, nakan so in ji amsar wasu tambayoyi tukuna. Mita nawa ne zurfin ruwa a watan Satumba tsakanin nan da Yola? Wa zai yashe, da kuɗin wa, kowace shekara? Jirgin janwe nawa, a hannun wa, wa zai biya makaniki a watanni tara da ba a tafiya? Kogin Arkansas, inda Hoga yake yanzu, shi ma da can mai yashi ne, ya cika ya ƙafe yadda ya ga dama. Abin da ya mai da shi hanyar jirage aiki ne da aka buɗe a 1971: madatsai masu ƙofofin ɗaga jirgi, guda 18 a yau, a tsawon kilomita 716, da alkawarin cewa zurfin hanya ba zai gaza mita 2.7 ba, da hukumar da ke yashewa. Ban ce Binuwai za ta samu irin wannan kuɗi ba, kuma kogi ne na ƙasa biyu, Yawunde ba za ta yanke hukuncinsa ba sai da Abuja.

Hoga bai yi tafiyarsa ta ƙarshe da ƙarfin kansa ba. An ɗora shi a kan kwale-kwalen dako, aka bi da shi ta mashigin Panama zuwa New Orleans, daga nan wasu jiragen janwe suka hau da shi Mississippi suka shiga Arkansas. Ya isa North Little Rock ranar 23 ga Nuwamba 2015, aka ɗaure shi a gidan tarihin jiragen ruwa na birnin kusa da Razorback, jirgin ƙarƙashin teku da ke gaɓar Tokyo ranar da Japan ta sa hannun miƙa wuya, 2 ga Satumba 1945, wanda daga baya ya yi wa sojan ruwan Turkiyya aiki shekara 30. Fenti da duba ƙasan jirgin yanzu suna wuyan gidan tarihin.